Haɗaɗɗiyar Kwamfutar Edith

"Gregory, kalle ni! Ejiofor ya ce me?"

Na kasa ɗago kai. Muna tsaye a ƙofar gidansu Edith a Samaru, kwamfutar tana ɗaure a bayan babur ɗina, har yanzu tana warin ƙuna.

"Ya ce... komai ya tafi, masoyiya."

"Har waƙoƙin Mama?"

"Har su."

Wata uku Edith ta yi a gefen gadon mahaifiyarta. Mama na rera waƙoƙin da ta tsara wa zumuntar mata, ita kuma tana bugawa a kwamfutar. Ba a takarda suke ba, a cikin kan Mama suke. Mama kuwa mun binne ta a watan Yuli.

"Ba laifinka ba ne," Edith ta ce tana share hawaye. "Wuta ce ta dawo da ƙarfi."

Wayyo! Da ma mari ta yi mini.

Ranar da ta aike ni Sabon Gari cewa ta yi, "Ka sayo haɗaɗɗiya, ka haɗo da sitabilaiza." Na san nufinta sarai: wadda kamfani ya riga ya haɗa. Ejiofor, mai shagon kwamfuta, ya nuna mini wata tokumbo, wato 'yar gwanjo, ya ce za ta yi shekara goma tana buga rubutu, amma ba ta ɗaukar wasan ƙwallo. Ni kuwa wasan nan ya ci raina. Na tsinto kaya ɗaya-ɗaya, na sa mata katin da ke ɗaukar wasa mai kyau, na ɗauki akwatin da ke ba ta wuta mafi araha, sitabilaiza kuma na ce sai wani jiƙon. Ejiofor ya gargaɗe ni har sau biyu.

Da na kawo, na yi ta washe baki. "Ai ga ta, haɗaɗɗiya! Ko ba ta haɗu ba?" Ta yi dariya, ta yarda da ni.

Yanzu ga ta tana ɗora wa wuta laifi. "Edith, ba wuta ba ce," na ce. "Ni ne."

Na faɗa mata duka, ban rage komai ba.

"Ƙwallo?" ta ce. "Saboda ƙwallo, Gregory?"

"Ki yafe ni..."

Ta shige gida ta rufe ƙofa.

Sati shida ina yawo da littafi da biro, Palladan, Dogarawa, Shika, gida-gida wajen matan zumunta, ina neman waƙoƙin Mama. Wata ta tuna baiti, wata amshi, wata ta zage ni tas kafin ta rera. Na kawo wa Edith littafin, ta karanta a tsaye, shafi bayan shafi.

"Na yafe maka," ta ce a hankali. "Zan aure ka. Amma saura ɗaya."

"Wacce? Gobe zan koma!"

"Kada ka wahala. Ba wanda ya taɓa jin ta sai ni, kuma kuka nake yi lokacin da nake bugawa, ban riƙe ba." Ta rufe littafin. "Ta ranar aurenmu ce."