Wa Ya Sace Zanen Auta?

Tun da hantsi falon ya koma kamar shagon kafinta: kwalaye a nan, gam a can, guntayen katako har ƙarƙashin kujera. Auta na durƙushe a tsakiya, fensir soke a ɗankwalinta, tana manna rufi a kan wani ɗan gini na kwali.

"Ke Auta!" Umma ta leƙo daga kicin. "Ina almakashina na ɗinki? Kar dai ki ce min da shi kike yanka kwali!"

"Sori Umma, saura sati uku in gama furojet ɗin nan, sai in sayo miki sabo dal."

"Haka kika ce bara, ja'ira."

Auta tana ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine na jami'a, kuma wannan shi ne aikinta na fita: ɗakin karatu na jama'a wanda ba ya buƙatar na'urar sanyi ko janareta. Hutu guda ta yi tana zuwa gaban wani suri a bayan unguwa, tana lura da yadda gara ke huda ramuka har cikin gidanta ya zauna da sanyi komai zafin rana. Daga nan ta ɗauko dabarar. Bango na bulon jar ƙasa, dogayen bututun iska masu fitar da zafi ta sama, rufi kuma kamar ganyen gwaza, yana tattara ruwan sama ya zuba a tanki.

Sallamar Yaya ce ta katse su. Shi ne babba a gidan, yana da wurin buga bulon siminti a bakin titi.

"Injiniyar gara, ana fama?" Ya tsallake kwalayen. "In kowa ya koma gini da ƙasa, mu kuma mu ci me? Dogon naki ne ke zuga ki, na sani. Ni mutum mai yawan shirun nan bai taɓa kwanta min ba."

Auta ta yi murmushi kawai. Dogo ya riga ta gama makarantar da shekara biyu, yana aiki a wani kamfanin gine-gine, maganar aurensu kuma tuni ta je gaban manya. Wata guda ke nan yana can wani gari yana duba ginin makaranta.

Wayarta ta yi ƙara. Dokta ce, malamar da ke duba aikinta, muryarta ba wasa. "Ki zo ofis yanzu-yanzu."

Ko zama Dokta ba ta ce ta yi ba. Ta warware wata babbar takarda a kan tebur ta danne gefenta da kofi.

"Hukumar gari ta nemi a kawo zanen sabon ɗakin karatu, ina cikin masu tantancewa. Jiya wani kamfani ya kawo wannan. Kin san shi?"

Auta ta duba takardar. Ga bututun iskarta, ga rufinta mai kama da ganye. A ƙasa kuma ga tambarin kamfanin da Dogo ke aiki.

"Dokta, wallahi nawa ne!"

"Ko dai kin kwafa daga wurinsu, ko kin sayar musu da aikin makaranta. Kowanne daga ciki zai iya cinye miki digiri. An ce min wanda za ki aura a can yake aiki, haka ne?"

Auta ta gyaɗa kai.

"To nan da kwana goma za ki tsaya gaban kwamiti. Ɗauki wannan kwafin, ki je ki nemo gaskiyarki."

A cikin mota tana hanyar gida babu abin da ke mata yawo a kai sai filashin da ta ba Dogo da hannunta kafin ya tafi, don ya duba mata lissafin rufi. Shi kaɗai ta ba. Ta kira shi, wayar ba ta shiga. Ta sake kira. Da ma can ya ce mata wurin ba sabis sosai, amma yau sai ta ji kamar da gangan ya kashe.

Kuka ta shigo da shi gida. Kafin ta gama bayani Yaya ya miƙe tsaye yana tafa hannu.

"Ba na faɗa ba! Ba na faɗa ba! Da ɗan gari akan ci gari. Ya lallaɓa ki da soyayya, ya kwashe miki wahalarki ya kai wa maigidansa don a ƙara masa girma!"

"Kai, bi a hankali," in ji Abba daga kan kujerarsa. "Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa."

"Abba, wane ido kuma? Ga tambarinsu nan ɓaro-ɓaro! In tun yanzu ya iya wannan, in ta shiga gidansa fa? Ni dai a fasa kawai."

Umma ta share hawaye da gefen mayafi. "Yaron da nake zuba wa abinci da hannuna… Allah ya isa tsakaninmu da shi in shi ne."

Da yamma kiran Dogo ya shigo. Auta ta ɗauka.

"Na ga kiranki har tara, lafiya dai?"

"Kai za a tambaya. Nawa suka ba ka?"

"Su wa? Me kike faɗa haka?"

"Zanena yana gaban hukuma da sunan kamfaninku, kuma kai kaɗai na ba!"

Bai musa ba, ita kuwa ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

"Ki ba ni kwana biyu," ya ce a hankali. "Gobe zan taho."

"Kar ka wahalar da kanka." Ta kashe wayar, ta toshe lambarsa.

Kwanakin da suka biyo baya, kowa ta kalla sai ta ga ɓarawo. A ɗakin zane na makaranta ta daina barin laftof ɗinta ko da na minti ɗaya. Ƙawarta da suke tebur ɗaya ta ce, "Mu ga yadda kika yi tagogin," sai ta kife takardar ta ce babu komai a wurin. Mai shagon buga takardu ma sai da ta tsare shi da tambayoyi har ya ce, "Baiwar Allah, in ba ki yarda da ni ba, ga shago nan gaba." Duk saƙon da Dogo ya taɓa turo mata ta koma ta karanta, tana neman inda yaudarar ta fara. Inda ya rubuta "wannan zanen zai yi suna", da ta ji daɗi, yanzu sai ta ce ashe tun a lokacin ya sa masa ido.

Sau biyu yana zuwa ƙofar gida. Duka biyun Yaya ne ya tare shi a waje. Ta taga ta hango su a karo na biyu: Dogo na magana ƙasa-ƙasa, ya ɗaga yatsu uku, Yaya kuma yana waige-waige kamar mai tsoron a ji. Da Yaya ya shigo, gumi yake yi.

"Me ya ce, Yaya?"

"Me zai ce? Borin kunya! Ki kama kanki, kar in ji kin kula shi."

Saura kwana huɗu a zauna kwamiti, Abba ya same ta a ɗaki ta haɗa kai da gwiwa.

"Auta, kuka ba ya cin shari'a. Tun da aka ba ki takardar nan, kin zauna kin dube ta da idon sana'arki, ko da idon fushi kawai kike kallonta?"

Bayan fitarsa ta shimfiɗa kwafin a kan gado. Abu na farko da ta gani ya ba ta haushi: sun mayar da bangon na siminti, wanda ke nufin ramukan iskar sun zama ado kawai. Sai ta bi bututun da yatsa. Ɗaya, biyu, uku… bakwai.

Ta tsaya cak. Zanen da ke cikin filashin Dogo bututu biyar ne. Mai bakwai shi ne na farko, wanda ta yi da fensir lokacin hutu, cike da kurakurai, har matakalar bene ta faɗo daidai bakin ƙofa. Ta duba, ga matakalar nan a bakin ƙofa. Kunya ta hana ta nuna wa kowa wannan zanen, bare Dogo. Bai taɓa fita daga gidan nan ba.

Ta taka kujera ta sauko da shi daga saman kabad. Ita da zare take ɗaure takardunta, wannan kuwa da roba ta same shi. Ta warware. A gefen kowane shafi akwai sawun babban yatsa, fari-fari, na ƙurar siminti.

Ta daɗe a zaune tana kallon sawun nan, tana fatan idonta ne ke mata gizo.

Bayan la'asar duk suna falo ta ajiye takardun biyu a gaban Abba, ta nuna masa bututun, ta nuna masa matakalar. Sannan ta juya.

"Yaya, me ya kai hannunka kan kabad ɗina?"

"Ni? Ke, ni za ki yi wa sharri saboda saurayi?"

"Miƙo hannunka," in ji Abba.

Yaya bai miƙa ba. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Maganar ta fito guntu-guntu. Kasuwar bulo ta yi sanyi. Ya je neman kwangila wurin mai kamfanin, cikin hira ya yi alfahari da zanen ƙanwarsa. Mutumin ya ce ya turo hoto ya gani, in suka samu aikin, duk bulon daga wurinsa za a saya.

"Na ɗauka aikin makaranta ne kawai, ana ba da maki a jefar… Wallahi ban san zai kai haka ba!"

"Da ka ga ya kai fa?" Muryar Abba ta yi kaushi. "Sai ka ɗora wa ɗan mutane, ka fi kowa ɗaga murya?"

Umma ta rushe da kuka. "Innalillahi! Ni da na yi wa yaron nan Allah ya isa!"

"Ya sani," Yaya ya ce, kansa a ƙasa. "Tun ranar da ya dawo ya tsare maigidansa har ya ga hotunan da lambata. Ya ajiye musu aikinsu a ranar. Cewa ya yi ba zai tona ni a gaban iyayena ba, ya ba ni kwana uku in faɗa da bakina, in ba haka ba, shi zai je kwamiti."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutumin da ta ce wa nawa aka ba shi, ashe abincinsa ya bari saboda ita, kuma yana can yana rufa wa gidansu asiri.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Abba. "Amma da ƙafarka za ka je gaban malaman nan ka maimaita abin da ka faɗa yanzu. Kafin nan, tashi ka kirawo min yaron."

Dogo ya zo kafin magariba, ya rame, ya durƙusa ya gaida Abba da Umma kamar babu abin da ya faru. Umma ta kasa haɗa ido da shi. Da aka ba su wuri a tsakar gida, Auta ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

"Ka yafe min… na zalunce ka."

"Ba zan ce miki ban ji ciwo ba," ya ce. "Ba korar da aka yi min a ƙofa ce ta dame ni ba. Tambayar nan taki ce, nawa suka ba ni. Kwana biyu ban iya cin abinci ba."

"Me ya sa ba ka aiko a faɗa min ba?"

"In aiko a ce miki yayanki ne? A ranar nan da wa za ki yarda?" Ya ɗan murmusa. "Ya wuce. Amma ki buɗe min lambata, don Allah, na gaji da magana da kwamfuta."

Ta yi dariya cikin hawaye.

Ranar kwamiti Yaya ya tsaya gaban malamai biyar ya faɗi komai, Dogo ya kawo shaidarsa, Auta ta shimfiɗa zanenta tun daga na fensir har na ƙarshe. Aka wanke ta tas. Hukuma ta cire kamfanin daga gasar. Bayan sati biyu ta kare aikinta, ta fito ta ɗaya a ajinsu, Dokta da kanta ta miƙa zanen ga hukuma da sunan mai shi.

Ba a samu sauƙi nan take ba. Wata bakwai Dogo ya yi ba aiki, aka ɗaga auren, masu magana suka yi ta yi. Auta ta ce ko shekara nawa ne za ta jira, ai shi ma ya jira ta a lokacin da ba ta cancanta ba. A wata na takwas takarda ta fito: hukuma ta zaɓi zanenta, kuma ta amince Dogo ya kula da ginin. A ƙarshen shekarar aka ɗaura musu aure, kuma babu wanda ya kai Yaya zirga-zirga a hidimar, duk da har yau in Dogo ya shigo falo sai ya sunkuyar da kai.

Haka duniya take. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, yakan sa mutum ya cuci jininsa bai ankara ba. Zato kuwa zunubi ne, ya kusa raba Auta da wanda ya fi kowa riƙe mata amana. Duk wanda aka kawo wa magana a kan masoyinsa, ko daga bakin wa ta fito, ya bincika kafin ya yanke. Wanda kuma aka zarga bisa ƙarya ya yi haƙuri irin na Dogo, domin gaskiya takan yi jinkiri, amma ba ta kwana a hanya.