Gayya Biyu a Gonar Maikano

Ranar da Malam Hadi ya fara ganin Hafsatu, yana tsaye ne a farfajiyar disfensarin Wudil, yaran babban aji sun kewaye shi, kowa na miƙa wuya ya ga yadda ake tafasa allura.

A farkon daminar 1955 ne. Bai daɗe da zuwa daga birnin Kano ba aka damƙa masa ajin ƙarshe na siniya firamare, samari masu shirin fita duniya. Ran da ya tambaye su abin da kowa yake so ya zama, duk ajin suka ce akawu. Ba laifinsu ba ne, akawu kaɗai suka taɓa gani da farar riga da alƙalami a aljihu. Shi ya sa ya ɗauki al'adar fita da su duk Alhamis, gangar makaranta a gaba, su je su ga aiki da idonsu. Sun je Kara, kasuwar shanu, wurin malamin dabbobi, sun je maƙera, sun je bakin kogi wurin masunta, har cikin injin lori sun leƙa. Mutanen gari suka laƙaba masa suna Malam Me-za-ka-zama.

"Ana ta maganar mulkin kai," yake ce wa yaran cikin zumuɗi. "In Turawa suka tattara nasu suka tafi, wa zai yi allurar nan? Wa zai auna hanya? Wa zai duba shanu? Duk akawu?"

Sai wata murya ta fito daga tagar ɗakin ungozoma.

"Mu mata fa, Malam? Mu ba a tambayarmu?"

Ya waiwaya. Wata budurwa ce ta dafa taga, hannunta duk kumfar sabulu, tana dubansa ba tsoro.

"Yayata ce, Malam," in ji Bilya, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin. "Hafsatu. Tana taya Inna Talatu ungozoma aiki. Kada ka biye mata, ba ta gajiya da tambaya."

Malam Hadi ya gyara hula. "To, Malama Hafsatu, me kike so ki zama?"

"Ungozoma mai takarda," ta ce. "Amma kai ne mutum na farko da ya tambaya, kuma sai da na roƙa."

Yara suka fashe da dariya. Shi kuwa har suka koma makaranta yana saɓa ƙafa da kiɗan ganga.

Daga ranar saƙo ya fara kai da kawo ta hannun Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Hafsatu, mai tuyar ƙosai a ƙofar makaranta. Ya rubuta mata:

"Zuwa ga 'Yar Taga. Gaisuwa mai yawa. Yau na tashi rubuta kwanan wata a allo, sai na ga na rubuta sunanki. Da hannun riga na goge kafin yara su gani. Naki, Hadi."

Ta mayar masa:

"Malam Me-za-ka-zama, na ga saƙo. Ka riƙa tausaya wa rigarka. Kai da kake tambayar kowa, har yanzu ba ka faɗa mini abin da kake so ka zama ba. Hafsatu."

Ya san amsar sarai. Niyyarsa sai bayan kaka ya turo kawunsa daga birni.

Mahaifinta, Maikano, manomin gyaɗa ne, gonarsa na bakin hanyar Indabo. Mutum ne mai yawan tunanin 'ya'yansa, irin uban da in yaro ya yi tari sau ɗaya sai ya kasa cin tuwo. Shekara da shekaru yana tsayuwa cikin rana a bakin kantin gyaɗa, akawu na zaune a inuwa. Burinsa ɗaya, Bilya ya zauna a inuwar nan. Ga kuma Babba, akawun kantin, mai sabon keke, yana son Hafsatu, har ya yi alkawarin nema wa Bilya kujera kusa da tasa. Maikano bai amsa ba tukuna, amma zuciyarsa ta karkata.

Ana nan sai Isyaku malamin gona ya ce wa Malam Hadi yana neman gona kusa da hanya, ya nuna wa yara noman shanu da yadda ake zuba takin zamani.

"Gonarmu, Malam!" Bilya ya yi tsalle. "Baba ba zai hana ba."

Bai kuwa tambayi Baban ba, don ya san in ya tambaya za a hana.

Alhamis da hantsi, Maikano ya tafi ta'aziyya Utai, sai ga layin samari da fartanyu a kafaɗa sun ratsa tsakiyar gari, ganga na tashi, Malam Hadi a gaba ya naɗe ƙafar wando. Suka faɗa gonar Maikano suna noma suna waƙa.

Malam Hadi ɗan birni ne, ko kusa bai san abin da ya aikata ba. A ƙasar nan, in saurayi ya ja zugar samari da ganga ya shiga gonar mai 'ya budurwa, ma'anarsa ɗaya ce: gayyar suruki. Kuma ba a yin ta sai manya sun zauna an ba shi yarinyar.

Kafin azahar guɗa ta cika unguwa. Ƙawayen Hafsatu suka yi mata caa.

"Munafuka! Har an kai ga gayya ba mu sani ba?"

Ita kuwa daɗi ya hana ta zama. Ta dama kunu cikin babbar ƙwarya, ta zuba tsamiya da zuma, ta aika gona.

Maikano tun a kan hanyar dawowa ake tare shi ana yi masa barka. Babba ya tsayar da kekensa a gabansa.

"Baba, ashe an bayar ba a gaya mana ba? Ko kuwa a birni haka ake yi, a fara shiga gona kafin a gai da mai ita?"

Da la'asar Malam Hadi ya durƙusa a zauren Maikano, gumi na zuba.

"Ka sa gari na yi mini barkar abin da ban yi ba," in ji Maikano. "Ka kuma juya mini kan yaro. Na kai shi makaranta don ya bar fartanya, kai ka mayar masa da ita, wai shi malamin gona zai zama!"

"Wallahi, Baba, ba gayya ba ce. Darasi ne kawai. Ko kusa Hafsatu ba ta zo mini a rai ba."

Ya faɗa ne don ya wanke kansa. Bai san tana tsaye a bayan ƙofar zaure ba.

Washegari Gwaggo Yelwa ta dangwara masa takarda ba ko gaisuwa.

"Malam Hadi. Na ji da kunnena. Tunda darasi ne, an tashi daga aji. Ka aiko mini da ƙwaryata. Hafsatu."

Ya karanta, ya zauna a kan turmin da ke gefen kaskon tuya.

"Gwaggo, na kashe kaina."

"Da bakinka kuwa," ta ce tana juya ƙosai. "Ɗan birni! Yarinya ta dama maka kunu da zumar da take ɓoyo tun bara, kai ka ce ba ta zo maka a rai ba? Ka ji wai mai koya wa 'ya'yan mutane tsara gobe! Tashi ka nemo manyanka, kafin mai keke ya riga ka."

Bai jira kaka ba. Ran kasuwa kawunsa ya sauko daga lori, suka ɗauki hedimasta suka yi sallama da Maikano. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi iyali, aka sake tambayar ruwa, sannan aka faɗi abin da ya kawo su.

Maikano ya daɗe yana murza gemu.

"Ba ƙin yaron nan nake ba," ya ce. "Tsoro nake ji. Baƙo ne, ba shi da kowa a Wudil. In wani abu ya sami 'yata, wa zai tsaya mata? Gari ya ce an yi gayya, shi ya ce bai yi ba. To Asabar mai zuwa zan yi maimai. Ya zo ya yi ta gaske, in ga mutanensa. Amma ban yarda in ga ɗan makaranta ko ɗaya da fartanya ba."

Malam Hadi ya fita jikinsa a sanyaye. Wa zai gayyata? Duk da haka ya bi gari ƙofa ƙofa yana faɗa, kunya kamar ta kashe shi. Ya mayar da ƙwaryar nan, da 'yar takarda a ciki:

"'Yar Taga, na yi ƙarya a gaban Baba don tsoro. Ba ki zo mini a rai ba don tun ranar disfensari ba ki fita ba. Kin tambaye ni me nake so in zama. Mijinki."

Ba ta ba da amsa ba. Amma Gwaggo Yelwa ta ce ta ga ana jiƙa tsamiya.

Asabar da sassafe Maikano ya riga kowa zuwa gona. Ya tarar da Malam Hadi shi kaɗai da aron fartanya. Babba ma ya zo, ya jingine keke a gindin ɗorawa, ya buɗe laima, ya zauna kallo.

"Malam, ina zugar?" ya ce. "Ko sai an buga ƙararrawa?"

Bai rufe baki ba aka ji gangar noma daga wajen gari.

Isyaku malamin gona ne a gaba da bijimansa da garma. Bayansa malamin dabbobi, ya tuɓe rigar kaki. Ga maƙeri da sababbin fartanyu a kafaɗa, ga masunta daga bakin kogi, ga direban lori da karen motarsa, ga disfensa da kansa yana ɗingishi cikin takalmin danƙo. Bayansu kuma iyayen yara, daga Indabo, daga Utai, har da waɗanda Maikano bai san sun san malamin ba.

"Kai, har da kai?" Maikano ya tambayi maƙerin.

"Yo ba dole ba! Tunda nake ƙira ba wanda ya taɓa kawo 'yan boko su zauna a gabana su ce in koya musu. Ɗana ma yanzu cewa yake zai je makarantar sana'a ya koyi ƙirar inji. Matsa mana, Maikano, rana na yi!"

Makaɗi ya saki kirari, ƙura ta tashi, aka faɗa wa gona. 'Yan makaranta suka jeru a bakin hanya, hannuwansu a baya kamar yadda aka sharɗanta, amma ba wanda ya hana su ihu. Malam Hadi na tsakiya, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu, ya sare gyaɗa ta fi ciyawa yawa, amma bai ɗago ba.

Gwaggo Yelwa ta miƙa wa Babba fartanya. "Ga taka, akawu."

Ya dubi farar rigarsa, ya ce ya tuna yana da aiki a kanti.

Maikano ya tsaya yana kallon bijiman Isyaku suna tsaga kunya a miƙe, manyan gari na yi wa malamin gonar sannu cikin girmamawa. Can ya matsa kusa da shi, ya rage murya.

"Malam Isyaku, makarantar noman nan taku ta Samaru, ana ba yara abinci su ƙoshi?"

"Har su bari, Baba."

"Akwai masallaci? In yaro ya yi zazzaɓi fa, wa ke duba shi? Bilya ba ya son sanyi."

Isyaku ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, bai gaji ba. Maikano ya waiwaya ya hango ɗansa a bakin hanya, idonsa kur a kan garma, bakinsa a buɗe. Bai taɓa ganin yaron ya dubi kujerar kanti haka ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya yafito shi.

"Zo ka riƙe masa igiyar. Na janye sharaɗin a kanka kai kaɗai."

Da rana ta take, sai ga 'yan mata da ƙore a ka, Hafsatu a gaba. Ta sauke tata a gaban Malam Hadi, ta ƙi dubansa.

"Wannan ma darasi ne?"

"Gayya ce, 'Yar Taga. Taki ce. Ki tambayi hannuna."

Ta dubi tafin, ta kama baki. "Wayyo, Malam! Haka ake riƙe fartanya? Bari in kira disfensa."

"Ni ungozoma nake so ta duba ni."

"Ba ta da takarda tukuna."

"Za ta samu. Na riga na tambayo yadda ake shiga a Kano, ni zan kai ki da kaina."

Sai a lokacin ta ɗago ido ta yi murmushi, ƙawayenta suka rangaɗa guɗa.

Bayan an ɗauke amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Maikano, mako guda kafin Bilya ya hau lori zuwa Samaru. Ana cikin raba goro sai ga gangar makaranta ta ɓullo, yaran babban aji a layi, kowa na faɗin abin da zai zama in an tambaye shi, da ma in ba a tambaya ba.

Maikano ya kama hannun angon, ya harare shi da wasa.

"Malam, gaya mini tun da wuri, kada gari ya riga ni ji. Wannan kuma mene ne?"

"Biki ne, Baba."

"To madalla." Idonsa ya ciko, ya ɗaga hannu sama. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka. In sun girma, ku tambaye su abin da suke so su zama, mazansu da matansu. Amma don Allah, kafin ku shiga gonar mutum, ku yi sallama."

Jama'a suka ce amin cikin dariya. Daga tagar ɗakin amarya aka ji wata murya ta fi ta kowa ƙarfi.