Mayafin da Aka Yi Ta Buɗewa

A wani zamani an yi wata injiniya da ta ƙera kumbon da ba ya shan mai. Ta yi masa mayafi mai sheƙi, sakayau kamar ɓawon albasa, don hasken rana ya riƙa tura shi a sararin samaniya. Ta kuma ƙera mutum-mutumin da zai warware mayafin idan an isa can.

Ta san mayafin ba ya son yawan ninki. Amma da manyan gari suka ce, "Injiniya, buɗe mana mu gani," sai ta ce, "To, sau ɗaya dai." Suka yaba, ta ji daɗi, ta ninke.

Kawunta ya zo da abokansa. "'Yata, mu ba za mu gani ba?"

"To, Kawu, sau ɗaya dai."

Haka aka yi ta zuwa, tana buɗewa, tana ninkewa.

Da kumbo ya kai sama, jama'a suka taru suna kallo a majigi. Mutum-mutumi ya ja mayafin a hankali, yadda ta koya masa. Mayafi ya yage daidai kan ninkin, ya zama tsumma. Injiniya tana ƙasa, hannunta ba ya kaiwa can.

Jama'a suka watse. Kawu ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ashe dama ba shi da ƙwari."