A Sauke Tukunya Kafin A Zuba Paprika

Ku 'yan matan yanzu ba ku da ta ido! Yarinya ta gama jami'a, farce zaƙo-zaƙo, amma yankan albasa ya gagare ta. Yunwa ta taso, sai a danna waya a yi odar fiza. Tir! To ku zauna ku ji abin da ya faru a gidan yayata Etelka, nan ƙauyenmu na bayan Kalocsa. Ina zaune a teburin aka yi komai.

Jikanta Zsombor ne ya kawo yarinyar da yake so, Timea. Uwarta ta rasu tana goye, ubanta direban babbar mota ya raine ta da burodi da abincin gwangwani. A gidanmu kuwa doka ɗaya ce tun zamanin kakarmu: wadda za ta shigo a matsayin amarya sai ta dafa wa dangi kaza da paprika, jan garin tattasan da muke nomawa, ranar Lahadi. In Etelka ta ci ta ƙara, ta ba da zoben gida. In ta ture faranti, magana ta mutu. Shi kuma Zsombor ba ya tsallake maganar tsohuwar da ta raine shi.

Yayarsa Vilma, mai tafiya kamar ƙasa na wari, ƙawarta 'yar mai otal a Budapest take so ya aura. Ita ta bi Timea kicin tana murmushin ƙarya.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki, in ba ki sirrin gidan nan. Kaka tana son paprika ya soyu sosai. Ki zuba cikin kitse, ki ƙara wuta, sai ya yi duhu."

"Na gode, Yaya! Kin cece ni."

Ko ɗan shekara bakwai a ƙasar nan ya san ana sauke tukunya daga wuta kafin a zuba paprika. In ya ƙone, ɗaci ne zalla. Ita baiwar Allah wa ya taɓa gaya mata?

Aka kawo abinci. Etelka ta kai cokali baki, fuskarta ta yamutse. Ni ma na ɗanɗana, na furzar a hankici. Zsombor kuwa ya dage yana haɗiya, ido na ruwa.

"Kaka, ai da daɗi..."

"Rufe min baki, maƙaryaci! Ke yarinya, wa ya koya miki ƙona guminmu?"

Timea ta dubi Vilma, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarta.

"Laifina ne, Kaka. Ban iya ba. Amma in kin yarda, kullum Lahadi zan zo in koya, ko wanke-wanke ne ki fara ba ni."

Vilma ta yi dariya. "Sori fa, Kaka, amma wannan ɗacin ko kare ba zai lasa ba!"

Etelka ta juyo a hankali. Ta dubi farantin Vilma: taliya ce fara fat, ko ɗigon miya babu. Cokalinta ma a bushe.

"Vilma, tun kina rarrafe kike wawason miyar kaza. Yau ba ki zuba ba, ba ki ɗanɗana ba. Yaya aka yi kika san da ɗaci?"

Vilma ta kawar da kai.

"Yaya, ke ce?" in ji Zsombor. "Ke ce kika yi mata haka?"

Lahadi tara Timea tana zuwa. Ta yi kukan albasa, ta ƙona yatsa, ta sha zagin Etelka har da nawa. A ta goma, ta sauke tukunya, ta zuba jan garin, ƙamshi ya cika gida. Etelka ta ci, ta miƙa faranti aka ƙara. Ranar aka sa zobe.

Ku ji da kyau: rashin sani ana gyara shi a gaban murhu, in akwai haƙuri. Wadda ta sani ta ɓata da gangan, ita ce abar ƙyama.

Vilma kuwa, tun a waccan Lahadin ta farko Etelka ta tura mata tukunyar gabanta, ta ce, "Girkinki ne, cinye." Ta ci tana kuka, muna kallo, har ƙasan tukunya. Tukunyar ƙarfen kakarmu da aka yi wa Vilma alkawarinta tun tana yarinya, yau tana kicin ɗin Timea. In Vilma ta zo cin abincin Lahadi, daga cikinta ake zuba mata, kuma ita ke wankewa.