Feshin da Bai Kashe Ciyawa Ba

Ranar Laraba da safe Dakta, mai binciken maganin ciyawa, ta shiga filin gwaji don ta ƙirga ciyawa, sai ta tsaya cak. Kwana goma ke nan da aka fesa sabon magani a fuloti goma sha biyu na masara. Ya kamata a ce ciyawar ta mutu, amma ga ta nan kore shar. Ta sa aka kawo galan ɗin maganin, ta buɗe ta sunsuna. Ruwa ne da aka dama da alli.

Ƙaramar cibiyar binciken noma ce, ba ta da wani galan ɗin da zai maye gurbin wannan. Shekara uku Dakta tana gwada maganin, ko suna ba a sa masa ba tukuna, sai lamba. Daraktan cibiyar bai tsaya dogon tunani ba. Ya ce Mai Feshi ne ƙarshen wanda ya taɓa galan ɗin, don haka ya ba shi zuwa Juma'a ya bar aiki, ya kuma fita daga ɗakin cibiya da yake ciki da iyalinsa. Mai Feshi kuwa ba shi da wani wurin zuwa.

Dakta ce ta kira 'yan sanda, aka turo Sajan. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma shi ma yana ɗan taɓa noma.

"Koya mini kamar ɗan aji ɗaya," ya ce wa Dakta. "Me maganin yake yi?"

"Ba ya ƙona ciyawa kamar na kasuwa. Fari yake sa ta yi kamar takarda, sannan ta mutu. Masara ba ruwanta. Amma wake ko ɗigo ya taɓa shi, ya tafi."

"Hannun mutum nawa galan ɗin yake bi?"

"Uku. Mai Sito ya fitar, Direba ya kai fili, Mai Feshi ya fesa."

Sajan ya fara da Mai Feshi, wanda ya zauna a bakin benci yana murza hularsa.

"Shekara nawa kana feshi, a ce ka kasa bambance magani da ruwan alli?"

"Ranka ya daɗe, fari ne shi, fari ne wannan. Kuma hancina a rufe yake da takunkumi. Dakta ta ce duk ranar da ta kama ni ina sunsunar magani, sai ta saɓa mini."

"Ina da 'yar gona, masara da wake a haɗe. In na samu irinsa in fesa?"

Mai Feshi ya ɗago da sauri. "Kada ka kuskura! Sau uku nake wanke famfon feshina kafin in je ɓangaren wake."

"Ƙarfe nawa galan ɗin ya iso maka?"

"Wajen tara. Har rana ta fara zafi."

Mai Sito mutum ne mai tsari, ya buɗe littafinsa tun kafin a tambaye shi. An fitar da galan ƙarfe bakwai, ga sa hannun Direba. Shi ba shi da gona, in ji shi, ko tukunyar fure ba ya iya rayawa.

"Amma kana iya sayarwa," Sajan ya ce.

"Wa zai sayi galan ba suna ba takarda? Ni dai roƙo ake damuna da shi. Shekaranjiya ma Direba ya zo wai in sam masa ragowar irin wake. Na ce masa, mutumina, mutane sun shuka wake tun wata guda, kai yanzu ka farka?"

Sajan ya rubuta wannan.

Direba ya shigo yana murmushi, makullin mota na rawa a yatsansa.

"Daga sito zuwa fili tafiyar minti nawa ce?"

"Rabin awa, yallaɓai."

"Ka tashi bakwai, ka isa tara."

"Taya ce ta yi faci. Motar nan ta girmi ɗan farina."

"Wane mai faci?"

"Da kaina na canja."

"Me ka sani game da maganin?"

"Ni? Tuƙi ne nawa. Na dai ga bara masararsu ta yi tas, kamar an share da tsintsiya."

Da suka fito, Sajan ya leƙa ƙarƙashin motar. Tayar ko-ta-kwana tana nan a ɗaure, tsatsa ta cinye notocinta, ba a taɓa su ba tun bara. Ya ce zai so ya ga gonar kowa, kuma da ta Mai Feshi za a fara, don kada wani ya ce an yi son kai.

Ta Mai Feshi 'yar tsirit ce a bayan ɗakunan ma'aikata. Da fartanya aka nome rabinta, sauran rabin ciyawa ta kai gwiwa. Ta Direba tana kan hanyar filin gwaji. Masara ta tsaya kyam, ƙasa fes, babu sawun fartanya ko ɗaya. Tsakanin layuka kuma babu komai sai ƙananan ramuka.

"Masara zalla ka shuka bana?" Sajan ya tambaya.

"Zalla."

"To ramukan nan fa?"

"Kaji ne."

"Kajinka suna da ilimi, har layi suke bi."

Wata dattijuwa da ke aiki a gonar da ke maƙwabtaka ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta dubi Direba.

"Yawwa, ɗana, gara da ka zo da masana. Ku duba mini waken nan. Tun da nake ban taɓa ganin cuta irin wannan ba."

Layi biyu na wakenta, waɗanda ke bakin iyaka, sun yi fari fat. Na ciki kuwa lafiyarsu ƙalau. Dakta ta tsinki ganye ɗaya, ta ɗaga shi a rana, ta gyaɗa wa Sajan kai.

"Inna, ba cuta ba ce," Sajan ya ce. Ya juya ga Direba, yana magana a hankali. "Ka tsaya nan ranar feshi, ka juye maganin, ka cika galan da ruwan alli. A cibiya kowane amfani da fulotinsa, shi ya sa ba ka taɓa ganin abin da yake yi wa wake ba. Kai kuwa haɗe su kake yi, kamar ni. Da naka ya yi fari sai ka tsorata, ka tuge shi, ka tafi neman sabon iri. Mai Feshi ya san illar, ba zai yi wannan kuskuren ba. Abin da ka manta shi ne iska. Ta kai wa Inna rabonta, kuma ba ka isa ka tuge waken mutane ba."

Direba ya daina wasa da makullin.

"Ciyawa ce ta fi ƙarfina," ya ce. "Na ɗauka ba wanda zai lura."

"Ka ji an kori mutum, ka yi shiru."

Direba ya sunkuyar da kai. Ragowar maganin tana cikin jarka a bukkar gonar, ba ta kai rabi ba. Dakta ta ce gwajin bana dai ya riga ya lalace, sai dai a sake baɗi.

Da la'asar Sajan ya bi ta ɗakunan ma'aikata da takardar Darakta ta janye korar Mai Feshi a hannu. Ya tarar an naɗe katifa, an cusa tukwane a buhu, 'yar Mai Feshi mai shekara shida tana zaune a kan akwati. Ya yi wa iyayenta bayanin komai, tun daga tayar mota har zuwa iska.

Yarinyar ba ta bi bayanin ba. Abin da ta gane shi ne babanta ba ɓarawo ba ne, kuma yau a ɗakinsu za su kwana.