Mai Juya Fanka

"Kullum Husseini," in ji Aisami. "Duk garin Gure babu mai hannu sai shi?"

"Direbanmu ne, taimako yake," Nasira ta ce, tana kakkaɓe rairayi daga mayafinta.

"Na ga irin dariyar da kike yi masa."

"To rufe idonka."

Baje kolin kimiyya ne ya sauka a farfajiyar makarantar lise, aka ɗauki Nasira ta riƙa yi wa jama'a bayani. Akwatin gilashi take tsaro, cike da rairayi, da ƴan bishiyoyin dabino na roba a cikin kwari. In aka juya fanka da hannu, iska ta turo tudu ya binne dabinon. In aka kafa shinge, tudun ya tsaya.

A nan Aisami ya fara ganinta, yana dawowa daga garkar babansa. Tun ranar bai fasa zuwa ba. Ta kira yara sun juya fankar, ta kira tsofaffi, ta kira Husseini. Shi Aisami kuwa ko sau ɗaya ba ta kira shi ba.

Rigimar ta kai kunnen mahaifinta, Malam Abatcha.

"Yaron da ke ɗaga wa ɗiyata murya a gaban mutane tun bai aure ta ba? Kada in sake ganinsa a ƙofata."

Aisami ya daina zuwa. Yana ban ruwa, yana ganin hannun Husseini a kan fanka a zuciyarsa. Sai saƙon Nasira ya shigo wayarsa:

"Zakina mai fushi, in ka tsaya kusa da ni bayanin gaba ɗaya ɓace mini yake. Shi ya sa ba na kiranka. Husseini kuwa da shi da turke duk ɗaya a wurina."

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya rubuta:

"Sanyin idona, na yi laifi. Amma ki rage dariyar."

Ya tafi da kawunsa, ya durƙusa a gaban Malam Abatcha.

"Baba, a gafarce ni. Ba zan ƙara ba."

Tsohon ya bar shi a durƙushe har gwiwarsa ta yi tsami, sannan ya ce ya tashi.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, aka raba goro da dabino, dattawa suka sa albarka. Husseini ya zo ya miƙa wa Aisami hannu.

"Ango, barka, Allah ya ba da zaman lafiya. Mako mai zuwa za mu loda kayan baje kolin a kamiyo mu kai garin Bune. An ce har da amarya."

Aisami bai saki hannun ba.

"Gaban kamiyon nan naka, mutum nawa yake ɗauka?"