Umeboshi Shida a Kwale-kwalen Baba Genzo

Tsohon ya raba curin shinkafar gida biyu, sai hannunsa ya tsaya cak. A tsakiya ga umeboshi jajir, ɗan itacen nan mai tsami da ake jiƙawa a gishiri.

"Wa ya shigo min da wannan cikin kwale-kwale?"

Chisato ta ɗago kai. Ta dubi Sohei, ta ga ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa.

"Ni ce, Baba... An ce min kana so."

"Ina so. A gida, a kan tebur. Tun asuba ko fatsa ɗaya ba ta motsa ba, ashe da dalili."

Kowa a bakin tafkin nan ya san ba a fita kamun kifi da umeboshi. Wai kifi gudunsa yake, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayar kifin. Amma Chisato 'yar birnin Osaka ce, jiya ta fara kwana a tanti. Sohei ne ya kawo ta sansanin mahaifinsa don tsohon ya sa wa aurensu albarka, shi kuwa Baba Genzo tuni ya rantse ɗansa ba zai auri macen da ba ta san ruwa ba.

Jiya da yamma a wurin wanke-wanke Kanae ta matso kusa da ita. Kanae mai ba da hayar kwale-kwale, wadda tsohon ya daɗe yana yi wa ɗansa sha'awarta. Da murmushinta ta ce, "Sa wa Baba umeboshi, 'yar'uwa, yana so. Ki sa a kowane curi."

"Baba, ba ta sani ba," in ji Sohei. "Ni ne ban gaya mata ba."

"Abin da nake faɗa kenan. Ba ta sani ba. Juya mu koma."

Sohei ya ɗauki filafili, ya rage murya. "Masoyiyata, wa ya ce miki yana so?"

Sunan Kanae ya zo mata har baki, ta mayar. In ta faɗa, ta zama baƙuwa mai haɗa husuma, kuma jahilcin nata yana nan.

Gaɓa sai matsowa take. Daga gaɓa sai naɗe tanti, daga nan sai tashar jirgin ƙasa, ta sani sarai. Ta gyara zama, ta sake gyarawa. Tsoro take ji, tsoron komawa Osaka ita kaɗai.

"Sohei, tsaya."

Ta jawo kwanon shinkafar. Ta fasa curin farko, ta zaro umeboshin ta jefa baki. Na biyu. Na uku... Fuskarta ta yamutse, hawaye na zuba, ba ta dakata ba. Da ta gama biyar, ta miƙa wa tsohon hannu biyu. Ya ba ta nasa ba tare da ya san ya bayar ba.

"Yanzu babu ko ɗaya, Baba, sai a cikina." Ta share hawaye. "In har yanzu ni ce matsalar, ga ruwa nan. Amma ban iya iyo ba... kuma ɗanka nake so, ba zan fasa ba."

Tsohon ya dube ta. Can ya tura mata gorar shayinsa da ƙafa.

"Sha kafin ki mutu min a nan. Kai kuma ajiye filafilin, sa mata tana a ƙugiya."

Har rana ta karkata suna kan ruwa, kuma ko ɗan kifi ɗaya ba su kama ba. Tsohon bai sake ambaton dalili ba.

A gadar katakon da ake ɗaure kwale-kwale Kanae ta tarbe su, ta kama igiya. "An samu, Baba?"

"Ba a samu ba." Ya tsare ta da ido, don jiya ya hango ta da Chisato a wurin wanke-wanke. "Ke kin san ruwa, Kanae. Shi ya sa abin ya ba ni kunya."

Kanae ta sunkuya kan igiyar, ba ta ƙara ɗagowa ba.

Tsohon ya saɓa sandunan fatsa, ya yi gaba bai waiwayo ba. "Asabar mai zuwa, ƙarfe biyar na asuba."

Chisato ta bi shi taku biyu. "Gayyata ta kake, Baba?"

"Baƙi ake gayyata. 'Yan gida in sun makara faɗa ake musu."

Sohei ya kama hannunta ya matse. Ta so ta yi godiya, sai ta kifa fuska a kafaɗarsa ta yi kukanta.